Suruki na bin suruki da takobi: Janar Cooke, Janar Stuart da dawakan yaƙin basasar Amurka

Malam Ilu: Salamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa idan aka zo tarihin barade a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wai Janar Philip St. George Cooke da gangan ya ja ƙafa a watan Yunin 1862, lokacin da mijin 'yarsa Jeb Stuart, jagoran baraden Kudu, ya zagaye rundunar Tarayya (wato Arewa) da mahayansa, shi kuma Cooke yake jan baraden da ke binsa, ya bar shi ya sha, don kada 'yar ta shiga takaba. Ni ban gamsu ba, amma bari in fara shimfiɗa yadda gidan yake.

An haifi Cooke a Leesburg ta jihar Bajiniya a 1809, ya fita makarantar hafsoshi ta West Point a 1827, ya yi sama da shekara talatin yana aikin soja a dazuzzukan yammacin ƙasar, yawancinsu a kan doki. Stuart shi ma ɗan Bajiniya ne, haihuwar 1833, ya fita West Point a 1854, ya auri Flora 'yar Cooke a barikin Fort Riley a 1855. Da Bajiniya ta ɓalle a Afrilun 1861, gidan ya dare biyu. Stuart ya ajiye aiki ya bi 'yan aware na Kudu. Ɗan Cooke na cikinsa, John Rogers Cooke, ya bi Kudu. Mijin 'yarsa Maria, likita Charles Brewer, ya bi Kudu. Mijin Julia, Jacob Sharpe, hafsan Tarayya ne. Tsohon kuma ya tsaya da Tarayya, har ya rubuta a jarida cewa abin da Bajiniya ke binsa kaɗan ne, abin da ƙasarsa ke binsa ne mai yawa. To, masana doki da masana tarihi, bismillah.

Hajiya Asabe: Wa alaikumus salam Malam. Ka tsallake abin da ya fi ciwo a gidan. Ɗan da Flora ta haifa a 1860 sunan kakansa aka sa masa, Philip St. George Cooke Stuart. A ƙarshen 1861 Stuart ya sa aka cire sunan, aka mayar da yaron James Ewell Brown Stuart ƙarami, wato sunan ubansa. Ku auna da kanku: an yi wa surukinka takwara, matarka tana sakaya sunan don kunya, sannan ka dawo ka ce a kankare. Kuma ya rubuta a wasiƙa cewa tsohon zai yi nadama sau ɗaya tak, sai dai nadamar ba za ta yanke ba. Daga ɓangaren Stuart dai babu wani sassauci.

Auwalu: Hajiya ai shi ya sa nake ganin maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yaro ne ke da zafin kai. Dattijo mai shekara 53 zai tuna 'yarsa da jikoki biyu.

Ɗan Barga: Auwalu, bar zuciyar dattijo tukuna, mu bi sawun kofato. Ranar 12 ga Yuni Stuart ya fita daga gefen Richmond, babban birnin Kudu, da mahaya kusan 1,200 da igwa biyu. Umarnin Janar Robert E. Lee, kwamandan Kudu, shi ne ya duba ko hannun dama na rundunar McClellan, kwamandan Tarayya, inda Janar Fitz John Porter yake, a buɗe yake. Ya nufi arewa kamar mai tafiya kwarin Shenandoah don ya ɓad da sawu, suka kwana ba wuta ba busa begila. Ranar 13 ya karya gabas: Hanover Court House, Haw's Shop, ya ƙetare rafin Totopotomoy, ya isa Old Church. A nan ya riga ya ga abin da aka aike shi gani. Maimakon ya koma ta inda ya zo, inda ya san za a tare shi, sai ya zarce ta bayan abokan gaba: tashar jirgin ƙasa ta Tunstall, Talleysville, sai kogin Chickahominy da asubar 14. Ranar 15 yana Richmond. Wajen mil 100 ke nan, da fursuna 165 da dawakai da alfadarai kusan 260, mutum ɗaya kacal ya rasa.

Yanzu dubi Cooke. Labari ya iske shi da rana ranar 13, kuma labarin gurɓatacce: wani ƙaramin hafsa ya ce ya ga dakarun ƙasa masu yawa tare da mahayan. Babu ko ɗaya. Porter kuma ya aiko masa cewa kada ya afka wa rundunar da ta fi shi ƙarfi. Sai ya jira dakarun Kanar Warren, ya ɗaure dawakansa da tafiyar masu ƙafa. Soja mai ƙafa da kaya a baya, a zafin Yuni, mil biyu da rabi yake ci a awa idan an haɗa da hutu. Doki a taku kawai mil huɗu yake ci, a sassarfa wajen takwas. Wanda ya ba ka tazarar awa huɗu yana kan doki, kai kana bin takun dakaru, ko ba surukinka ba ne ba za ka ga ƙurarsa ba.

Auwalu: To me ya hana shi sakin mahayan su kaɗai, Yallaɓai?

Ɗan Barga: Nan ne laifinsa na gaskiya, kuma laifin aiki ne. Abin da ya kamata: ya tura mahaya goma ko ashirin masu lafiyayyun dawakai su bi hanyar su karanta sawu. Dakarun ƙasa ba sa ɓuya, za ka ga shatin takalmi a kan shatin kofato, za ka ga waɗanda suka gaza zaune a gindin itace. Awa ɗaya ta isa a ƙaryata rahoton. Bai yi ba. Amma a yi masa adalci, a 1862 Tarayya ba ta tara barade wuri ɗaya. McClellan ya rarraba su kamfani-kamfani, wasu gadin janar-janar, wasu kai saƙo, wasu rakiyar keken abinci. Abin da ke hannun Cooke a ranar bai kai yawan da za a ce ya haɗiye mutum 1,200 ba.

Kawu Bala: Kuma da ya matsa, wurin kama Stuart a bayyane yake. Kogin Chickahominy ya cika ya batse, mashigin da suka dogara da shi ya nutse. Rooney Lee, ɗan Janar Lee, ya gwada iyo da dokinsa, da ƙyar ya fita. Haka suka gangara tsohuwar gadar Forge, wadda ginshiƙanta kawai suka rage, suka ɓalle katakon wani tsohon sito da ke kusa, suka ɗaure kwalekwale a tsakiya ya zama madogara, suka fara tsallakar da mutane da sirdi a ka, dawakai na iyo a gefe. Igwa ba ta bi ta nan, sai da suka sake shimfiɗa manyan azarori daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Awowi suka ɓata a bakin ruwan, mutane na barci a kan sirdi. Suna gama ƙetarewa suka cinna wa gadar wuta, sai ga 'yan mashi na runduna ta shida ta Pennsylvania sun ɓullo. Eh, mashi, mai tsawon ƙafa tara. Sai a 1863 suka yar da shi don ba ya shiga kurmi.

Malama Hadiza: Kafin a yi nisa da yabon bajinta, a faɗi abin da ake yaƙin a kai, don kada wani yaro ya karanta ya ɗauka wasan sukuwar Sallah ne. Jihohin Kudu sun ɓalle ne don kare bautar da baƙaƙen fata, kusan mutum miliyan huɗu a lokacin, kuma sun rubuta haka da hannunsu a takardun ɓallewa. Stuart yana tare da Lee a Harpers Ferry a Oktoban 1859, shi ne ya kai wa John Brown, mai adawa da bauta da ya mamaye rumbun makaman garin, takardar neman ya miƙa wuya. Ƙwarewarsa a doki gaskiya ce, abin da ya hau dokin don karewa ma gaskiya ne.

Malam Ilu: Haka ne Malama, an gode da tunatarwa. Auwalu, ga hujjar da ta fi kashe maganar tausayi. Sati biyu bayan wannan, ranar 27 ga Yuni a Gaines' Mill, da layin Porter ya karye da yamma, Cooke ya sa kamfani biyar na runduna ta biyar, mutum kusan 250 ƙarƙashin Kyaftin Charles Whiting, su yi sukuwa kan dakarun Kudu da takobi tsirara. Sama da 50 suka faɗi cikin 'yan mintoci, cikin hafsoshi bakwai ɗaya ne ya fito ba tabo. Dawakan da suka firgita suka juyo suka ratsa ta cikin igwoginsu. Porter ya ɗora masa laifin asarar igwogin, Cooke kuma ya mutu yana cewa harin ne ya ba sauran damar janyewa. Mai lallaɓa 'yan Kudu ba zai yi wannan ba. Daga nan ya bar rundunar, bai sake jan mayaƙa a fagen daga ba, aka mayar da shi kwamitoci da ofishin ɗaukar kurata.

Tsohon Kofur: Wannan harin ya isa darasi, don haka bari in faɗi yadda ake shirya sukuwar yaƙi da inda take lalacewa. Ba a tashi da gudu daga farko. Ana fara taku a daidaita sahu, gwiwa kusa da gwiwa, sai sassarfa, sai a saki linzami kaɗan idan ya rage yadi ɗari biyu ko ƙasa, cikakkiyar sukuwa kuma sai yadi hamsin ɗin ƙarshe. Dalili biyu ne. Dokin da ke ɗauke da mutum da kaya sama da kilo 100 ba ya riƙe gudun ƙarshe da nisa, idan ya isa yana haki ya zama jaki. Na biyu, dawakai ba ƙarfinsu ɗaya ba, dogon gudu yana tsinka sahu, masu ƙarfi su isa su kaɗai a harbe su ɗai-ɗai.

Kafin a busa, dole wani ya duba ƙasar: rami, shinge, fadama. Dole a ajiye wani kaso a baya wanda bai shiga ba, domin duk rundunar da ta yi sukuwa, ko ta ci nasara, a watse take, kuma wanda ya zo da sabbin dawakai a wannan minti shi ke da filin. Dole kuma a sanar da wurin taruwa, ya kasance a gefe, ba a bayan igwoginka ba. A Gaines' Mill an saɓa kusan duka, ga kuma babban laifi, an kai hari ta gaba kan dakarun da ba su karaya ba. Bindigar lokacin mai zare a cikin baki tana kashewa a yadi 300, gwani yana harbi biyu zuwa uku a minti. Doki a sukuwa yana cin wajen yadi 350 a minti. Ka ga ruwan harsashi ɗaya ko biyu ne kawai zai same ka, amma doki babban abin bara ne, kuma idan na gaba ya faɗi na baya yana tuntuɓe da shi.

Auwalu: Baba Kofur, ke nan takobi ado ne?

Tsohon Kofur: Ba ado ba ne, amma wurinsa doki da doki. Dubi mutum ɗayan da Stuart ya rasa, Kyaftin William Latané. Kusa da Old Church ya yi arangama da Kyaftin William Royall na Tarayya. Latané ya sassari Royall da takobi ya ji masa munanan raunuka, Royall ya harbe shi da ƙaramar bindiga ya mutu nan take. Sara yana yanka fata, sau da yawa hula ko kafaɗar riga ta tare shi. Suka da tsini ke kashewa, amma sabon shiga idan ya ruɗe sara yake yi kamar mai faskare. Ita kuma Colt ta 1860 harbi shida gare ta, kowane rami sai an zuba albarushi, an danna dalma, an sa 'yar hular tagulla mai tada wuta a baya. Ba a sake ɗura ta a kan doki ana gumurzu. Ɓaraguzan hular kan faɗa cikin injin su cije shi. Shi ya sa masu wayo ke rataya biyu ko fiye. Takobi kuwa ba ya ƙarewa.

Kawu Bala: Wani abin da ke ba ni mamaki a ranar Old Church: runduna ta biyar ɗin nan, wadda mahayan Stuart suka afka wa sansaninta a can, ita ce tsohuwar rundunar Fitzhugh Lee, ɗan ɗan'uwan Janar Lee da ke tare da Stuart, kafin yaƙi. Fursunonin da aka kawo masa yaransa ne na da, ya san su da suna, suna gaisawa ana ƙona tantunansu. Ba mu rasa irin wannan a nan ba. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin 'ya'yan wa da ƙani aka yi ta: Tukur ɗan Sarki Bello, Yusufu da Alu 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, duka jikokin Dabo. Yusufawa suka fita Takai, suka dawo suka ci birni, Tukur ya ƙare a Tafashiya. Barden da ke cikin lifidi ya san muryar wanda yake nufa da mashi.

Ɗan Barga: Kawu, kamar ta tsaya a zumunta. A kayan aiki an rabu: lifidi da sulke maganin kibiya da mashi ne, ba sa tare harsashin can, kuma dawakanmu ba a buga musu takalmin ƙarfe, alhali can dokin da takalminsa ya cire a hanyar tsakuwa gurgu ne cikin wuni ɗaya. Kowane mahayi yana ɗaukar takalma na ajiya da ƙusoshi a jakar sirdi, ana sake bugawa duk sati huɗu zuwa shida.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke cin ran hafsan barade kullum, wanda ba artabu ba ne. Ƙa'idar sojan Tarayya: doki ɗaya a rana, hatsi laba 12 da busasshiyar ciyawa laba 14. Wato hatsi kilo biyar da rabi, wajen tiya biyu, da ingirici sama da kilo shida, ga ruwa kusan lita arba'in. Lissafa wa mahayan Stuart 1,200: buhu 66 mai kilo ɗari kowace rana, ciyawa ta haura tan bakwai. Ba mai ɗaukar wannan a sirdi. Hatsin kwana biyu ko uku ake ɗaurawa, saura sai abin da aka ƙwata a gonakin mutane. Idan aka saki mayunwacin doki a ɗanyar masara, ciwon ciki ya kama shi. Idan aka ba shi hatsi da ruwan sanyi yana cikin gumi, kofato ya ɗau zafi.

Sai mikin baya, wanda ya fi harsashi sauke mahaya. Sirdin McClellan na 1859 itace ne da aka lulluɓe da ɗanyar fata, da tsaga a tsakiya don kada ya taɓa ƙashin baya. Ana ninka bargo shida a ƙarƙashinsa. Ƙullin ninki guda, ko ƙwayar yashi, ta isa ta buɗe miki a tafiyar mil talatin. Fatar idan ta sha ruwa ta bushe sai ta tsage ta yi kaifi. Mafi muni, sirdin da ya zauna daidai a watan Mayu ba ya zama a Agusta, don dokin ya rame, itacen ya sauka kan ƙashi. Sirdin Jenifer da Kudu ta fara rabawa ya yi ƙaurin suna a wannan. Maganin sananne ne, hafsan kirki ne kawai ke tilastawa: a sauka a ja doki na 'yan mintoci kowace awa, a hana gyangyaɗi a sirdi don mai barci yana karkata gefe ɗaya, idan an sauka a sassauta majanyi a hankali, a bar bargon na ɗan lokaci kafin iska ta bugi bayan, a goge a duba da tafin hannu.

Malam Ilu: Ga cututtuka kuma. Bayan yaƙin Antietam a kakar 1862 ciwon kofato da na baki sun kwantar da dubban dawakan McClellan, har Shugaba Lincoln ya aika masa da waya mai gatse yana tambayar wane aiki dawakan suka yi tun bayan yaƙin da zai gajiyar da su. Akwai kuma ciwon majina mai yaɗuwa ta kwamin ruwa, wanda ba shi da magani sai harbewa, yana kama mutum ma.

Hajiya Asabe: Ɗan Barga ya kawo mu inda gida da doki suka haɗu, kuma nan ne nake ganin an fi sakaci. A Tarayya gwamnati ke sayen doki. A 1863 ta kafa ofishin barade na musamman da babbar barga a Giesboro kusa da Washington, wanda dokinsa ya mutu ya hau jirgi ya karɓo wani. A Kudu mahayi da dokin gidansu yake zuwa. Ana ba shi santi 40 a rana, ana biyansa kuɗin dokin idan an kashe shi a fagen daga kawai. Idan yunwa ko miki ko cuta ta kashe shi, asararsa ce. Sai a ba shi hutu ya je gida ya samo wani, in ya kasa a mayar da shi dakaren ƙasa. Waɗanda ke jiran doki ana yi musu ba'a da Kamfani Q.

To wa ke ba da dokin? Matar da aka bari da gona, ko tsohon uba. Goɗiyar da ke jan garma ita za a kwance a ba shi, bana ba noma ke nan. Ɗan Bajiniya zai je ya dawo cikin sati biyu. Ɗan Carolina ta Kudu ko Mississippi sai wata da watanni. Wanda garinsu ke hannun Tarayya ba shi da inda za shi. Kuma mutumin da ya san dokin nan shi ne na ƙarshe a gidansu, kuna ganin zai jefa shi cikin wuta yadda mai dokin gwamnati zai yi?

Tsohon Kofur: Hajiya kin buga ƙusa a ka. Shi ya sa ƙarfin ya juya. Ranar 9 ga Yunin 1863 a Brandy Station, Pleasonton, jagoran baraden Tarayya, ya ƙetare kogin Rappahannock da asuba ta mashigai biyu, Buford ta Beverly, Gregg ta Kelly, ya iske Stuart bai shirya ba, dawakansa sun gaji da faretin burga da aka yi ranar 5 da ranar 8. Mahaya wajen 17,000 suka wuni suna karɓe tudun Fleetwood daga hannun juna. Tarayya ta rasa kusan 900, Kudu sama da 500, Stuart ya riƙe filin, amma jaridun Richmond suka yi masa ca. Daga ranar mahayan Tarayya suka daina jin tsoronsa.

Malama Hadiza: A ranar ma gidaje sun biya. Frank Hampton, ƙanen Janar Wade Hampton na Kudu, a nan aka kashe shi. Rooney Lee ya sami harbi a cinya, aka kai shi jinya gidan dangin matarsa a Hickory Hill, mahayan Tarayya suka ɗauke shi daga kan gado ƙarshen watan. Matarsa Charlotte ta rasu a Disamba yana tsare, sai Maris 1864 aka yi musayarsa. Hampton kuwa, a Oktoban 1864 a Burgess Mill, aka harbi ɗansa Preston, ɗaya ɗan nasa Wade ya sunkuya kan ƙanen shi ma aka harbe shi a baya. Uban ya sauka, ya sumbaci mai mutuwa, ya hau ya koma bakin daga. Ajiye ɗanka a cikin hadimanka yana kama da gata, amma hadimi shi ke kai saƙo inda wuta ta fi zafi, kuma yana tsaye kusa da tuta, inda kowa ke auna.

Hajiya Asabe: Shi ma Stuart ya ɗanɗana. 'Yarsa Flora ƙarama ta kamu da zazzaɓin taifot, aka yi ta aiko masa, ya ce ba zai bar bakin aiki ba McClellan na motsi. Ta rasu ranar 3 ga Nuwamban 1862, ba ta cika biyar da rabi ba, yana kan doki. 'Yar da aka haifa masa a Oktoban 1863 ya haɗa mata sunan jiharsu da na John Pelham, matashin hafsan igwoginsa da aka kashe a mashigin Kelly a Maris na shekarar. Sunan suruki ya fita daga gidan, sunan abokin yaƙi ya shiga.

Auwalu: Allah sarki. To ƙarshensa fa? Na ji an ce wani soja mai tafiya a ƙasa ne ya harbe shi.

Ɗan Barga: Haka ne, amma fara da lissafi. Ranar 9 ga Mayun 1864 Sheridan, sabon jagoran baraden Tarayya, ya fita da mahaya wajen 10,000, jerin gwano mai tsawon mil 13, kuma a taku ya tafi, da gangan, don dawakansa su isa da ƙarfinsu. Stuart ya bi shi da ƙasa da rabin haka, kuma don ya sha gabansa sai da ya kori dawakai dare da rana, ya raba rundunar ma, wasu na cizon wutsiya, wasu na tare gaba. Ranar 11 ga Mayu a Yellow Tavern, mil shida arewa da Richmond, mutanen da ya tsayar ba su wuce 3,000 ba. A lokacin yawancin faɗa a ƙasa ake yi: ana ƙirga huɗu-huɗu, uku su sauka su sarƙafa ragamar dawakansu da ta na kusa, na huɗu ya zauna a sirdi ya ja su bayan tudu. Rubu'in mutanenka sun tafi riƙon doki ke nan, 3,000 sun koma 2,250. Idan mai riƙon ya yi nisa ba ka da mafita, idan ya yi kusa harsashin igwa ya tarwatsa dawakan.

Tsohon Kofur: Ga bambancin bindiga. Mutanen Janar Custer na Tarayya, 'yan Michigan, suna da bindigar Spencer, harsashi bakwai a bututun da ke cikin gindin bindigar, kwanson tagulla wanda ruwa ba ya ɓata shi. Da yawa daga 'yan Kudu ɗura-ta-baki suke riƙe da ita, ko kwaikwayon Sharps da aka ƙera a Richmond mai fesa wuta ta baya. Da yamma Custer ya yi sukuwa kan igwogin hagu, runduna ta ɗaya ta Bajiniya ta mayar da shi. Stuart na kan doki a bakin shinge yana harbin masu komawa, sai wani daga cikin waɗanda dawakansu suka faɗi, yana gudu a ƙasa, ya juyo ya sake masa ɗaya da ƙaramar bindiga. Ta shiga ciki. A zamanin da ba a buɗe ciki a ɗinke hanji, kuma ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wannan hukuncin kisa ne mai jinkirin wuni ɗaya.

Hajiya Asabe: Ina aka kai shi? Gidan Dakta Brewer a Richmond, mijin Maria, wato gidan wata 'yar Cooke ɗin. Flora tana Beaver Dam, inda ya tsaya ya gaishe ta a tsaitsaye ranar 10 ga wata. Sheridan ya riga ya ƙona tashar wurin, ya tumɓuke dogo, ya yanke waya. Saƙo ya makara, ta biyo ta Ashland da yara biyu, rabi a kan jirgi rabi a keken marasa lafiya, cikin ruwan sama da gadoji a karye. Ya cika da magaribar 12 ga Mayu yana da shekara 31, ta iso bayan wajen awa huɗu. An binne shi a maƙabartar Hollywood kusa da 'yarsa.

Auwalu: Daga nan ta koma gidan ubanta?

Hajiya Asabe: Ba ta koma ba, a Kudu ta raini 'ya'yanta. Ta shugabanci makarantar 'yan mata a Staunton daga 1880 zuwa 1899, wadda daga baya aka sa wa suna Stuart Hall, kuma baƙaƙen kaya ta sa har ta rasu a 1923.

Malam Ilu: John Rogers kuma ya kai janar a dakarun ƙasa na Kudu, an ji masa rauni sau bakwai, ɗaya a goshi a Fredericksburg. Shi da ubansa ba su shirya ba sai a shekarun 1880, bayan sama da shekara ashirin. Ɗan ya riga uban rasuwa, a 1891, tsohon ya bi shi a Detroit a 1895.

Auwalu: Na janye rabin maganata, Malam. Amma har yanzu ina ganin da wani ne ba Stuart ba, da Cooke ya tura 'yan duba sawun nan.

Ɗan Barga: A Oktoban 1862 Stuart ya sake zagaye McClellan, da mahaya 1,800, har Chambersburg ta Pennsylvania, ya dawo da dawakai kusan 1,200. Cooke ba ya nan. Pleasonton ne ya bi shi, ba 'yarsa a gidan, ya kashe dawakansa da gudu, shi ma a bakin kogin Potomac ya tsaya yana kallo.